Idan Aku Ya Ƙi Sauka Daga Kafaɗa: Abin Da Ya Kamata Iyali Su Sani

 Wannan makon za mu bar teburin magani mu leƙa falo, domin akwai wani baƙo da yake ta samun gindin zama a gidajenmu na birni, wato aku. Wani maigida ne ya sayo wa yara, wani kuma tsaraba aka kawo masa. Kafin a jima gida ya cika da labarinsa: ya iya sallama, ya iya kwaikwayon ƙarar waya, ya iya kiran sunan autan gida.

Daga nan sai ƙorafi ya biyo baya. Ɗan akun ya zaɓi mutum ɗaya a gidan ya manne masa. In ya tashi aku ya bi shi, in ya shiga ɗaki aku ya fasa ihu har maƙwabta su ji, in ya ɗauke shi a hannu sai ya bi damtse ya haye kafaɗa ya ƙi sauka. Tambayoyin da iyalai ke yi guda biyu ne. Shin a bar shi a kafaɗar? Kuma yaya za a yi da wannan naci nasa?

Amsata a taƙaice ita ce, kada ɗan aku ya hau kafaɗa sai ya koyi hawa hannu da sauka a duk lokacin da aka ce ya yi. Akwai kuma mutanen da bai kamata ya hau kafaɗarsu ba ko da ya koya. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya, domin lamarin ya shafi lafiyar tsuntsun, ya kuma shafi idonku da huhunku.

Me ya sa yake manne muku?

Akun da muka fi sani, mai launin toka da jar wutsiya, tsuntsun kurmi ne. Ana samun sa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango. A can ba ya zama shi kaɗai. Da yamma sukan taru da yawa su kwana a kan dogayen itatuwa, da safe su watsu neman abinci, suna ta kiran juna don kada wani ya ɓace. Uwa tana kwanciya a kan ƙwai kimanin wata guda a kogon itace, ɗan kuma ba ya barin sheƙa sai ya kai wajen mako 12. Ko bayan ya fito, iyayensa sukan ci gaba da ciyar da shi suna koya masa abin da ake ci da abin da ake gudu.

To ku duba halin ɗan akun da ke falonku. An raba shi da uwa da uba da 'yan'uwa, an kawo shi inda babu mai fiffike sai shi. A dawa, tsuntsun da ya waiwaya bai ga 'yan'uwansa ba ya san shaho na iya ɗauke shi. Wanda ke ba shi abinci a gidanku shi ne ya maye masa gurbin uwa, kuma ihun da yake yi idan mutumin ya fita daga ɗaki kira ne, yana tambaya ko kuna nan. Duk wanda ya ɗauki wannan a matsayin rashin ji zai hukunta tsuntsu a kan tsoronsa.

Ga shi kuma da kaifin ƙwaƙwalwa. Ba banza ba Abubakar Imam ya naɗa aku waziri a Magana Jari Ce. A Amurka, wata mai bincike, Irene Pepperberg, ta shafe shekara 30, daga 1977 zuwa 2007, tana nazarin wani aku mai suna Alex. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Tsuntsu mai wannan basira yana saurin gane abin da ke biya masa buƙata. Idan ya yi ihu sau uku aka rugo aka ɗauke shi, ya koyi darasi: ihu ne ke kawo mutum. Sau da yawa mu ne muke koya masa nacin da muke kuka da shi, ba tare da mun sani ba.

Naci ne ko ciwo?

Kafin ku fara horo, ku tabbatar lafiyarsa ƙalau. Tsuntsaye suna ɓoye ciwo, domin a dawa mai rauni ake fara kamawa. Idan aku yana zaune ya kumbura gashinsa yini guda, yana yawan barci da rana, wutsiyarsa na motsi sama da ƙasa idan yana numfashi, hancinsa ko idonsa na ruwa, ko kashinsa ya koma kore shar mai ruwa-ruwa, wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma a ranar.

Ku kuma duba shekarunsa. Idon jaririn aku baƙi ne, a hankali ya koma ruwan toka, in ya girma ya zama ruwan ɗorawa mai haske. Idan naku idonsa baƙi ne, yana kaɗa kai sama da ƙasa, yana wani kuka ƙasa-ƙasa ba ƙaƙƙautawa, mai yiwuwa an sayar muku da shi tun bai gama yayewa ba, kuma yunwa ce ke sa shi manne muku. Kada ku ɗura masa koko ko madara da sirinji. Tsuntsu ba ya narkar da madara yadda ya kamata, kuma ɗura ba bisa ƙa'ida ba na iya tura abinci cikin huhunsa ya mutu nan take. Ku kai shi wajen likitan dabbobi ya nuna muku yadda ake yi. Ƙaramin ma'aunin kicin ma zai taimaka: ku riƙa auna shi kowace safiya kafin ya ci abinci. Babban aku yakan kai wajen giram 400 ko fiye kaɗan. Idan nauyin yana raguwa kwana bayan kwana, akwai matsala.

Me ke cikin hawa kafaɗa?

Aku yana son kafaɗa saboda tana sama, tana da ɗumi, kuma tana kusa da fuska da murya. Matsalar ita ce, da zarar ya hau can kun daina ganin sa. Aku ba ya cizo ba gargaɗi. Kafin ya kai baki, ƙwayar idonsa takan tsuke ta buɗe da sauri, gashin wuyansa ya tashi, ya sunkuyar da kai yana kallon mutum. A hannu za ku ga duk wannan ku ajiye shi. A kafaɗa kuwa sai dai ku ji zafi.

Bakin da ke fasa ƙwallo mai tauri ba zai sha wahalar tsaga kunne ko leɓe ko fatar ido ba. Kuma ba sai ya yi fushi da ku ba. Ƙarar janareta, ƙofar da iska ta buga, kyanwa da ta gifta, ko baƙon da ya miƙo hannu, duk suna iya firgita shi ya kai wa abin da ya fi kusa da shi cizo. Wani lokacin ma zamewa ya yi ya nemi abin kamawa, domin aku da baki yake riƙe reshe, sai ya kama kunne.

Sai kayan ado. Aku yana son duk abin da ke ƙyalli: ɗan kunne, sarƙa, allurar ɗaura mayafi, duwatsun leshi, tabarau. Yana iya fizge ɗan kunne ya yage fatar, yana kuma iya haɗiye ɗan dutse ko guntun ƙarfe. Sarƙoƙi masu araha da yawa suna ɗauke da dalma ko zinki, kuma dukansu guba ne ga tsuntsu, suna kawo amai da kasala da farfaɗiya. Haka kwallin gargajiya na dutse, wanda sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kada a bar shi inda aku zai kai baki.

Akwai kuma hatsarin mantuwa. Mutum yakan saba da nauyin tsuntsun har ya manta yana nan. Uwargida ta shiga kicin da shi, ga mai yana tafasa a kasko. Maigida ya buɗe ƙofa zai karɓi saƙo, babur ya yi ƙara, aku ya tashi ya shige gari. Ko an rage masa gashin fiffike, tsoro da iska suna iya ɗaga shi. Sai wanda ya fi yawa a gidajenmu: an ɗauke wuta an bar fanka a kunne, aku yana waje, aka dawo da wuta, kowa ya yi shewa, tsuntsu ya firgita ya tashi sama daidai lokacin da fankar ta fara juyawa. Ku mayar da shi doka a gida, ba a buɗe keji sai an kashe makunnin fanka an rufe ƙofa da taga.

Abin da muke shafawa a jiki

Nan ne aikina ya fi shafa, kuma nan ne mutane suka fi rashin lura. Aku yana taɓa komai da harshensa. Idan yana kafaɗa, yana lasar wuya, yana tsefe gashi, ƙafafunsa suna kan fata ko rigar da ta jiƙe da abin da aka shafa. Daga baya ya gyara gashinsa da baki ya haɗiye.

Ku tuna wurin da aka fi shafa maganin ciwon jiki: wuya da kafaɗa. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da daikulofenak. Wannan maganin ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya da Pakistan, inda wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ƙodar ungulun yake lalatawa. Tsuntsun da bai kai rabin kilo ba bai kamata ya lashi ko kaɗan daga cikinsa ba. Haka man zafi mai mantoleta da kafur.

Mayukan ƙara hasken fata su ma suna cikin jerin. Wasu suna ɗauke da sitiroyid, wasu da makuri. Tsuntsaye ba sa jure sitiroyid, yana karya musu garkuwar jiki ya buɗe ƙofa ga ciwon huhu na fumfuna. Duk wanda ya shafa magani ko irin waɗannan mayuka, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa aku, kuma kada ya ɗora shi a wurin da ya shafa.

Huhun tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar abin da ke cikin iska. Turaren wuta, humra, turaren fesawa, maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, hayaƙin taba da na janareta, duk suna cutar da shi. Idan za a turara ɗaki, a fitar da keji zuwa inda iska ke kaɗawa, kada a mayar sai ƙamshin ya lafa. Kaskon nan da abinci ba ya kamawa a jikinsa, idan aka manta shi a wuta ya yi zafi ƙwarai, yana fitar da wani hayaƙi da mu ba za mu ji ba amma yana iya kashe tsuntsu cikin mintoci. Wannan kaɗai ya isa hana aku shiga kicin.

Wanda ke kafaɗa kuma yana kusa da baki, kuma zai nemi a ɗanɗana masa. Goro, shayi, kofi da cakulan duk suna da sinadaran da ke hargitsa bugun zuciyarsa. Fiya guba ce a gare shi. Albasa, tafarnuwa da abinci mai gishiri ko magi su ma a kiyaye. Kada a tauna abu a ba shi daga baki, kada a bar shi ya sa baki cikin bakin mutum, domin ƙwayoyin cutar da ke yawunmu ba nasa ba ne. Ƙwayar magani kuwa, ko ɗaya ce ta faɗi ƙasa, a neme ta a ɗauke kafin a fito da shi.

Zazzaɓin aku da ƙurar gashi

Akwai cutar da mutum ke ɗauka daga waɗannan tsuntsaye, likitoci suna ce mata sitakosis, ana kuma kiranta zazzaɓin aku. Ƙwayar bakteriya ce da ke fita a kashi da majinar tsuntsu. Idan kashin ya bushe ya zama ƙura, mutum ya shaƙa, sai ya kamu. Tsuntsu na iya ɗauke da ita yana cikin ƙoshin lafiya a ido, ya riƙa zubar da ita musamman idan ya sha wahalar kamu da tafiya da cunkoso. Duniya ta san cutar sosai a annobar 1929 zuwa 1930, wadda ta bi cinikin aku ta shiga Turai da Amurka. Ko a watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton ƙaruwarta a ƙasashen Turai biyar, inda mutum biyar suka rasu.

Alamomin sukan bayyana kwana 5 zuwa 14 bayan kamuwa: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kai mai tsanani, ciwon jiki da busasshen tari. Ku duba jerin nan da kyau, za ku ga abin da muke kira maleriya da taifot ne a kullum. Mutum zai sayi maganin maleriya ya sha, ya ƙara da amoksisilin, jiki ya ƙi daɗi, alhali irin su amoksisilin ba sa kashe wannan ƙwayar. Idan aka yi sake sai ta zama namoniya. Saboda haka duk mai aku a gida da ya yi zazzaɓi da tari, ya gaya wa likita da bakinsa cewa yana kiwon tsuntsu. Wannan jimla ɗaya tana iya sauya maganin da za a rubuta.

Maganin da aka fi ba manya shi ne doksisaikilin. Idan likita ya rubuta muku, ku sha da cikakken kofin ruwa, kada ku kwanta nan take, ku raba shi da madara da maganin ƙarin jini da maganin ƙwannafi da awa biyu zuwa uku, kuma ku shanye adadin da aka rubuta. Mai juna biyu ba ta shan sa, ƙananan yara ma likita ne zai zaɓa musu wanda ya dace. Kada ku saya da kanku, kuma kada ku jiƙa wa tsuntsun naku. Nasa maganin yana ɗaukar kusan kwana 45, a hannun likitan dabbobi.

Abu na biyu shi ne farar ƙurar da ke fita daga gashin aku mai toka. Ku shafa shi ku dubi hannunku za ku gan ta kamar hoda. Tana tayar da asma, kuma ga wasu mutane shaƙarta na tsawon watanni ko shekaru yana kumbura huhu, ya kawo tari da haki da rama. Tsuntsun da ke kafaɗa yana karkaɗe wannan ƙurar ne a ƙofar hanci. Ku riƙa fesa masa ruwa mai tsabta ya yi wanka sau biyu ko uku a mako. Kada keji ya kwana a ɗakin barci. Wajen shara, a yayyafa ruwa a kan kashin kafin a kwashe, a sa takunkumi, a wanke hannu bayan an gama.

Koya masa “hau” da “sauka”

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku nemo abin da ya fi so, kamar ɗan guntun kashu marar gishiri ko ayaba, ku daina sa masa shi a kwano, ya zama sai a wajen darasi yake samu. Ku miƙa hannu a gaban ƙirjinsa, sama kaɗan da ƙafafunsa, ku ce “hau”. Ya ɗora ƙafa, ku ba shi ladan nan take, ku yabe shi. Sannan ku kai shi bakin sandar da yake tsayawa ku ce “sauka”, ya sauka, ku ba shi lada mafi girma. Sirrin yana nan: sauka ta fi hawa riba. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya wadatar, kuma a tashi tun bai gaji ba. Kowa a gidan ya yi amfani da kalmomin nan biyu, kada a sauya.

Idan ya miƙo baki kafin ya hau, kada ku janye hannu. Gwada ƙarfin reshen yake yi. Wanda ke janyewa yana koya masa cewa hannu ba abin dogaro ba ne. Ku kuma koya masa hawa guntuwar sanda, domin ranar da ya fusata ko ranar da wanda bai saba da shi ba zai mayar da shi keji.

Don hana shi bin hannu zuwa kafaɗa, ku manna gwiwar hannu a jiki, ku ɗaga tafin hannu sama da ita. Aku yana neman wuri mafi tudu, in yatsu ne a sama zai tsaya a nan. Idan ya fara gangarowa, ku tare shi da ɗaya hannun ku ce “hau”. In ya riga ya haye, kada ku yi ta kokawa da shi yana zagaya bayan wuya, domin wasa zai ɗauke ta. Ku je kusa da sandarsa, ku sunkuyar da kafaɗar ta yi ƙasa da sandar, ku nuna masa lada a can.

Kada a doke shi, kada a watsa masa ruwa don horo, kada a girgiza keji. Aku yana da riƙo, kuma amanar da ta karye a rana ɗaya tana iya ɗaukar watanni ba ta dawo ba. Tsawa ma ba ta aiki, don a kunnensa kun amsa kiran ne.

Rage naci

A ajiye kejin a falo, jikin bango, inda zai riƙa ganin mutane, nesa da kicin da janareta. A samar masa wata sandar tsayawa kusa da inda ake zama, ta reshen gwaiba da aka wanke aka shanya, don ya koyi cewa ana iya zama kusa ba tare da an hau jiki ba. Duk lokacin da ya zauna a kanta shiru, a yabe shi a ba shi lada. Mun saba kula aku idan ya yi ihu mu manta da shi idan ya yi shiru. Juya wannan shi ne rabin aikin.

Ku zaɓi wani ɗan fito ko kalma ta zama amsarku. Za ku fita daga ɗaki, ku yi fiton. Ya kira a hankali, ku amsa daga inda kuke. Ya fasa ihu, ku yi shiru, kada ku dawo sai ya lafa ko da na ɗan lokaci ne. Ku fara da fita ta daƙiƙa goma, a hankali ta zama minti, ta zama rabin awa. A kwanakin farko ihun zai ƙaru kafin ya ragu, domin yana gwada dabarar da ta saba yi masa aiki. Wanda ya karaya a nan ya koya masa cewa ƙara murya ake yi. Yana da kyau ku sanar da maƙwabta cewa kuna horo ne.

Ku ba bakinsa aiki. A dawa yakan shafe sa'o'i yana neman abinci, a gida kuwa ya cinye kwano cikin minti goma ya zauna yana jiran ku. Ku naɗe abincinsa a farar takarda, ku ɓoye a ƙaramin kwali, ku rataya masa karas ko ɗanyar masara, ku ba shi itacen da zai ɓarza. Akun da ba shi da abin yi shi ne ke komawa fizgar gashin ƙirjinsa, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

A raba hidimarsa. Wani ya sa abinci, wani ya sauya ruwa, wani ya yi darasi. Wanda akun ya fi so ya ja baya kaɗan, a bar lada mafi daɗi a hannun sauran. Wajen shafa, a tsaya a kai da wuya. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike alamar neman aure ce a wajensu, kuma idan ya balaga, tsakanin shekara uku zuwa biyar, zai ɗauki mutumin a matsayin abokin zamansa ya fara kai wa mijinta ko matarsa ko 'ya'yansu cizo saboda kishi.

Barci da abinci su ma suna taɓa hali. Yana buƙatar awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru. Akun da ke falo ana kallon fim har sha biyun dare zai tashi da faɗa. Gyaɗa da gero kaɗai ba abinci ba ne. A haɗa masa da karas, zogale, tattasai, gwanda, dafaffen dankali da dafaffen wake. A guji gyaɗar da ta yi fumfuna. Irin wannan aku yana yawan fama da ƙarancin sinadarin kalsiyam, don haka a riƙa fitar da kejinsa ya sha hantsi, da inuwa a gefe, domin hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aikin.

Yaushe za a bar shi ya hau?

Idan ya yi makonni yana sauka da faɗa ɗaya, a gaban baƙi da lokacin da yake cikin wasa, kuma bai da tarihin cizo mai tsanani, babban mutum yana iya ɗora shi. Ku ne za ku ɗora shi, ba shi zai haye don kansa ba. A zaune, a cikin ɗaki rufaffe, an cire ɗan kunne da sarƙa, an shimfiɗa tawul a kafaɗa saboda kashi, kuma na 'yan mintoci. Ranar da ya ƙi sauka ko ya kai wa kunne baki, a koma darasin hannu na wasu makonni.

Yara ƙanana kada a ɗora musu ko don ɗaukar hoto. Haka mai goyo, mai juna biyu, mai asma ko ciwon huhu, mai raunin garkuwar jiki, mai shan maganin tsinka jini, da wanda ido ɗaya ya rage masa yana gani da shi. Su gaisa da shi daga hannu ko daga sanda.

Idan ya ciji mutum

A wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na mintoci, a danne da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya, a shafa aidin, a rufe. Kada a sa toka ko man goge baki ko garin kafso. Tsuntsu ba ya ɗauke da cutar haukan kare, amma a duba yaushe aka yi allurar tetanus ta ƙarshe. Cizon fuska, ko mai zurfi, ko na kan gaɓar yatsa, ko wanda ya fara kumburi da ja da ruwa, asibiti za a je, musamman ga mai ciwon suga. Idan ido ya taɓa, kada a murza, kada a ɗiga komai daga kemis, domin wasu magungunan ɗigawa suna ɗauke da sitiroyid da ke ƙara lalata rauni. A rufe idon ba tare da dannawa ba a nufi likitan ido.

Ga mai shirin saye

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aku mai toka yana iya rayuwa shekara 40 zuwa 60 a gida, ke nan yana iya zama gado ga 'ya'yanku. Sannan tsuntsu ne da ke fuskantar ƙarewa. Wani bincike a Ghana ya nuna sun ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 tun daga 1992. A 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, suka hana cinikin wanda aka kamo daga dawa tsakanin ƙasa da ƙasa. A nan gida ma an kafa dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Wanda aka kamo daga dawa shi ne ya fi zuwa da tsoro da cuta. Mai aiki daga safe har dare, wanda gidansa ke zama ba kowa, ya haƙura da aku.

Wanda kuma ya riga ya mallaka, amana ce a hannunsa. Ku fara yau da darasin minti biyar, ku kashe fanka kafin buɗe keji, ku kwashe magunguna da mayuka daga inda bakinsa zai kai, ku nemi lambar likitan dabbobi tun ba a shiga buƙata ba. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, mu da abin da muke kiwo. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.